Rid ɗin kilarinet a hunturu: yaya kuke ajiye naku?

Sabon_Mabushi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga manyanmu masu busa kilarinet. Tunda hunturun nan ya kankama a Kano na rasa gane kan rid ɗina, wato ɗan siririn karan nan da ake ɗaurawa a bakin kilarinet don ya ba da sauti. Wanda na busa da daddare lafiya lau, in na ɗauko shi da safe sai in tarar bakinsa ya yamutse, ya yi tudu da kwari. Sautin ya dushe, iska tana zurarewa ta gefe, in na hau sama kuwa sai tsuwa. Mai taurin lamba 2½ nake busawa. In na gama nakan mayar da shi cikin 'yar robar da ya zo da ita in jefa a akwatin kilarinet. Wani ya ce in riƙa barinsa cikin ruwa dare da rana, wani kuma ya ce a firji ake ajiyewa. Kun dai san kuɗin kwali ɗaya yanzu da wannan canjin dala. Don Allah yaya kuke yi da naku?

Saja_Mai_Ritaya:
Wa alaikumus salam yaro. Bar maganar firji, ba nama ba ne. Je wurin masu yankan gilashin taga su yanko maka guntu daidai faɗin tafin hannu, ka ce su goge gefunan kada ya yanke ka. Duk sanda ka gama busa, cire rid ɗin daga bakin kilarinet, ɗauraye shi da ruwa mai tsabta, share shi da babban yatsa daga gindi zuwa tsini, kada ka yi akasin haka. Sai ka kwantar da shi a kan gilashin ka ɗaure da robar ɗaure kuɗi ta wajen kaurinsa. Shi ke nan. Da wannan muka yi aikin bariki har muka ajiye kaki. Yamutsewar bakin kuma ba mutuwa ba ce. Jiƙa shi minti biyu ko uku, ɗora tsinin a kan shimfiɗaɗɗen wurin bakin kilarinet, danna da yatsa a hankali, zai miƙe.

Talatu_Jos:
Salama gare ku. Baba Saja, ban ƙi gilashi ba, ni ma da shi na fara. Amma a irin wannan iska gilashi kaɗai ba ya isa. Saman rid ɗin yana shan iska ya bushe ƙamas, ƙasansa da ke manne da gilashin yana nan da ruwa. Gefe ɗaya ya tsuke, ɗaya bai tsuke ba, dole ya karkace. Shi ya sa gidajen ajiye rid na zamani da yawa suke da 'yan kwaruruka a ƙasa don iska ta ratsa ta ko'ina. Ni abin da nake yi, in saka gidan rid ɗin cikin leda mai zif tare da ƙunshin Boveda mai lamba 72, wato mai riƙe laima a kashi 72 cikin ɗari. In busasshen wuri ne ya saki laima, in ta yi yawa ya tsotse. Tun Nuwamba nake haka, ban ƙara ganin bakin rid ya yamutse ba.

Sabon_Mabushi:
Na gode Baba, na gode Anti Talatu. Shi wannan Boveda a ina ake samunsa? Ban taɓa ganinsa a shagunan kayan kiɗa na nan ba.

Talatu_Jos:
Ta intanet nake saye, ko in wani zai dawo daga Legas in ba shi saƙo. Masu ajiyar sigari ma da shi suke amfani, kuma kamfanin D'Addario suna sayar da gidan rid da ke zuwa da irinsa a ciki. In ka ji ƙunshin ya taurare ya daina motsi a hannu, ya ƙare ke nan.

Malamin_Kimiyya_Zariya:
Bari in ɗan tsoma baki, domin in mutum ya gane dalilin abu shi da kansa zai nemo dabara. Rid kara ne, sunansa a kimiyyance Arundo donax. Mafi shahara shi ne na yankin Var a kudancin Faransa, ana kuma noma shi a Sifen da Ajantina. Karan yakan yi kamar shekara biyu a gona, a sare shi da sanyi, sannan ya sake yin kusan shekara biyu yana bushewa kafin a fara fere shi. In ka ɗaga rid ka haska shi da fitila za ka ga zare-zare sun miƙe daga gindi har tsini. Jijiyoyi ne da karan ke shan ruwa da su lokacin da yake raye, kuma har yanzu suna sha. Gwada: jiƙa rid, ka hura ta gindinsa da ƙarfi, za ka ga 'yan kumfa suna fitowa a wurin da aka fere.

To tsinin rid kaurinsa kusan kashi ɗaya ne cikin goma na milimita, gindin kuwa ya kai milimita 3 ko kusa da haka. A cikin bakinka yana jiƙe sharkaf. Ka fito da shi cikin hunturun Kano, inda da rana laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Tsinin ya bushe nan take, gindin bai ko fara ba. Yau ya kumbura, gobe ya tsuke, jibi ya sake kumbura. Wannan kai da komowar ce ke kashe shi, ba bushewar kanta ba. Rid da ya zauna a bushe cikin kwalinsa yakan yi shekaru bai lalace ba.

Idan Boveda ya gagara, gishiri na nan a madafa. Gishirin girki da aka jiƙa har ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi, ba ya narke ba, yana riƙe laimar rufaffen mazubi a wajen kashi 75, ko da zafi ko da sanyi. Da shi ma ake gwada ingancin ma'aunin laima. Zuba shi a murfin kwalba, saka a roba mai murfi da ke rufuwa ruf, ajiye gidan rid a gefe. Kada dai gishirin ya taɓa rid ɗin ko wani ƙarfe.

Sarkin_Tsuwa:
To fa! Gishiri ya shiga ƙungiyar kiɗa. Malam, saura daddawa da yaji mu sauke tukunya.

Zango_Kumasi:
Ku kuna kukan bushewa, mu nan Kumasi kukan ruwa muke. Ɗan'uwa Sabon_Mabushi, wannan shawarar ta gishiri da leda kada wani na kudu ya gani ya kwaikwaya. Nan in ka rufe jiƙaƙƙen rid cikin leda, kafin mako ya zagayo za ka ga baƙaƙen ɗigo a gindinsa, wani lokacin har da farin gashi-gashi. Funfuna ke nan. Ni sai na bar shi a sarari ya sha iska kamar rabin sa'a kafin in rufe, kuma da damina nakan saka 'yan ƙunshin silika ɗin nan da ake samu a kwalin takalmi. Ku ma in Agusta ta zo muku za ku gane abin da nake faɗa. Tambayata, wanda ya riga ya yi funfuna, in an kankare ana iya ci gaba da shi?

Nas_Hadiza:
A'a Malam, jefar da shi. Abin da ka gani a sama kaɗan ne, saiwar funfunar ta riga ta bi jijiyoyin da Malamin Kimiyya ya ambata. Kuma abu ne da kake sakawa a baki kana jan numfashi ta gefensa. A 2016 likitoci a Manchesta ta Ingila sun wallafa labarin wani mai busa bagfaif (abin busa mai jakar iska) da ciwon huhu ya kashe, daga baya aka gano funfuna iri-iri a cikin kayan busarsa. An samu irin wannan ciwon a wasu masu saksofon da turombon ma. Ba don in tsorata kowa ba, abin ba kasafai yake faruwa ba, amma rid ɗaya bai kai huhu ba.

Don tsabtace wanda bai lalace ba: haidurojin feroksaid mai kashi 3 da ake sayarwa a kemis. Tsoma shi na 'yan mintuna, za ka ga yana kumfa, sai ka ɗauraye sosai da ruwa. Ba kullum ba, jefi-jefi. Sannan bakin kilarinet ɗin shi ma a riƙa wanke shi da ruwa mai sanyi da ɗan sabulu. Ban da ruwan zafi, yana sauya launin baƙin roba ya koma kore-kore, yana ma iya karkatar da shi.

Saja_Mai_Ritaya:
'Yata, mu da muka yi fareti da rid ɗin da wani ya cire daga bakinsa ya miƙo maka ana saura minti biyar a fara, ga mu nan da ranmu.

Nas_Hadiza:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Amma waɗanda suka kwashi ƙurajen leɓe a wannan faretin ba sa cikin zauren nan balle su ba da nasu labarin. Don Allah malaman da ke koyar da yara, kowane yaro da nasa rid, a rubuta masa suna a baya.

Bature_Baƙi_Hambog:
Gaisuwa daga Jamus. Abin zai ba ku mamaki, amma mu ma muna da namu hunturun. Da sanyi ya shigo aka kunna na'urar ɗumama ɗaki, iskar cikin gida takan bushe sosai, rid ya yi daidai abin da Sabon_Mabushi ya kwatanta. Kusan duk wanda na sani a nan yana da ɗan ma'aunin laima a cikin gidan rid ɗinsa. Akwai kuma masu bin hanyar da aka ba ka shawara tun farko, wato kada rid ya taɓa bushewa. Suna ajiye shi a rufaffiyar kwalba da soso da aka jiƙa da ruwan kuskure baki, wasu ma da giyar bodka, don kada funfuna ta kama. Mai saksofon ɗin da muke wasa tare haka yake yi, ya ce ko yaushe ya ɗauko a shirye yake. Ni na ji sautin irin wannan rid ɗin ya yi nauyi, ba ya tashi da wuri.

Wani abin kuma, masu kilarinet irin ta Jamus da yawa ba sa amfani da maɗaurin ƙarfe. Da zare suke naɗe rid ɗin a jikin bakin, kuma rid ɗinsu ya fi namu siranta. In za ku yi saye ta intanet ku lura, kada ku sayo na Jamus alhali kilarinet ɗinku irin ta Faransa ce, wadda kusan ita kowa ke busawa a gida.

Abu_Sumayya:
Subhanallah. Giya kuma a abin da za a saka a baki? Ai wannan ko kawo shi nan bai kamata ba.

Bature_Baƙi_Hambog:
Malam, labarin abin da ake yi na bayar, ban ce kowa ya yi ba. Ni kaina ba na yi. Ruwan kuskure bakin ma akwai marar sinadarin maye, an rubuta a jikin kwalbar.

Mai_Kula_Da_Zaure:
An fahimci juna. Tunda ga feroksaid ga gishiri ga iskar Allah, babu wanda ya matsu da waccan hanyar. Mu koma kan tambayar yaron.

Dan_Maradi_Fanfare:
Sannunku da hira. Ni dai abin da Malamin Zariya ya faɗi, duk wanda ya tashi gidan masu sayar da goro ya san shi. Huhun goro ba a barinsa ya bushe, ba a kuma tsoma shi a ruwa. Ganye ake naɗe shi da shi, a riƙa yayyafi kaɗan-kaɗan, a buɗe a duba a fidda wanda ya fara ɓaci kada ya shafi sauran. In ya bushe ya motse, in ruwa ya yi yawa ya ruɓe. Haka nake yi da nawa: ɗan soso da na matse har ba ya ɗiga, cikin gwangwani mai murfi, kowace safiya in buɗe in shinshina. Hanci yakan riga ido jin funfuna.

Tunda goro ya shigo zance, ga wani abin da ba wanda ya ambata. Masu cin goro su ɗauki kilarinet ba su kuskure baki ba, ku dubi rid ɗinku. Ya yi ja, ramukansa sun toshe. Haka shayi mai sukari da lemon kwalba. Rid ɗin abokin aikina ko daga nesa ka gan shi ka san nasa ne.

Sarkin_Tsuwa:
Dan Maradi ka taɓo Baba Saja fa. Ka ga ya yi shiru.

Saja_Mai_Ritaya:
Ina nan ina jin ku. Goro na ci, busa na yi, ba a taɓa fitar da ni daga sahu ba. Amma gaskiya ne, a kuskure baki.

Madam_Rifkatu_Kaduna:
Na karanta duka, kuma ina ganin ana ta maganar ajiya an bar abin da ya fi cin kuɗin yaran da nake koyarwa. Sabon_Mabushi, rid nawa kake busawa a lokaci guda? In amsar ɗaya ce, to ko a ina ka ajiye shi ba zai daɗe ba.

Sabon rid ba a fara shi da dogon atisaye. Ranar farko jiƙa shi a ruwa, ba a miyau ba, ka busa kamar minti biyar, sautuka na ƙasa da na tsakiya, ba da ƙarfi ba. Ka ajiye. Washegari ka ɗan ƙara. In ka ga tsinin ya yi duhu, ruwa ya cika shi har haske yana ratsawa, ya gaji, sauke shi. Bayan kamar mako ɗaya zai daidaita, ya daina shan ruwa da yawa, kumburinsa ya ragu. Kuma ka buɗe huɗu a tare, ka rubuta musu 1, 2, 3, 4 da fensir a gindi, ka riƙa juya su. Wanda ka busa yau ya huta gobe.

Amfanin bai tsaya ga daɗewar rid ba. Mai busa rid ɗaya tilo, rid ɗin yana laushi a hankali, leɓensa yana bin sa yana saki bai sani ba. Ranar da ya fashe ya ɗauko sabo sai ya ji kamar katako aka ba shi, ya ce kwalin ne ba kyau. Alhali bakinsa ne ya yi sanyi. Na ga yara da yawa sun watsar da rid masu kyau a kan haka. Wanda ka ji ya yi tauri yau kada ka yar, rubuta masa alama ka mayar kwali. Da damina yana iya zama shi ne gwaninka.

Sabon_Mabushi:
Madam, wallahi ɗaya ne. Sai ya mutu nake buɗe wani, don ina ganin hakan ne tattali.

Injiniya_Bb:
Ni fa duk wannan wahalar na sallame ta. Gilashi, gishiri, soso, fensir, sai ka ce mai jinya. Légère na saya, na roba, kamfanin Kanada ne da ya fara a 1998. Ba jiƙawa, ba ruwansa da hunturu ko damina, ka ɗaura ka busa. Ɗaya yakan yi mini watanni. In ka lissafa kuɗin kwalayen da za ka saya a wannan tsawon lokacin, shi ne mai araha. Yanzu har a manyan ƙungiyoyin kiɗa na Turai akwai masu busa shi.

Saja_Mai_Ritaya:
Roba? Allah ya kyauta. Sautin kara daban ne, yaro. Ko ina barci na ji na roba zan gane.

Injiniya_Bb:
Baba, in zo gida in busa maka biyun a bayan labule? In ka canka daidai, buhun shinkafa.

Talatu_Jos:
Ni ina da ɗaya a akwati saboda ranar da za mu yi wasa a fili, kamar taron Kirsimeti da ake yi cikin iska da ƙura. A can rid ɗin kara in ka yi shiru na baiti biyu kafin ka dawo ya bushe. Na roba ba ya haka. Amma shi ma yana son kula: tsininsa in ya bugi haƙori ya tsage, an gama, kuma kada a bar shi cikin mota a rana. In an daɗe ana busa shi a zama ɗaya yakan ɗan yi laushi, sai ya huta ya dawo. Ga mai koyo dai na fi son ya fara sanin kara, don lambobin ba sa dacewa daidai da juna, in bai san abin da bakinsa ke so ba zai sayi wanda bai dace ba, kuɗin kuma ba kaɗan ba.

Dan_Sabon_Gari:
Tunda an zo maganar saye, a yi hattara da jabu. Na taɓa sayen kwalin rid mai sunan kamfanin Vandoren a wani shago, farashin ya yi daɗi ƙwarai, kwalin shuɗi sak irin na asali. Da na buɗe, fatar karan ba ta sheƙi, firar ta karkace gefe ɗaya, wani ma tsininsa ya fi bakin kilarinet faɗi. Ko guda ban mora ba. Na Vandoren na gaske kowane rid yana cikin ledarsa a like, wadda ke riƙe laimar da aka rufe shi da ita a masana'anta, kuma akwai lambar da ake dubawa a shafinsu don tabbatarwa. Kamfani ne tun 1905, wanda ya kafa shi ma mabushin kilarinet ne a Faris. Saboda wannan ledar, kada ka farke goman duka rana ɗaya a cikin hunturu. Farke waɗanda za ka fara juyawa kawai kamar yadda Madam ta ce.

Jikan_Sarkin_Busa:
Ina ta bin ku ina murmushi. Ni gidan algaita na fito, kilarinet daga baya na koya. Kakana bai taɓa sayen harshen algaita a kwali ba, da hannunsa yake yanka abinsa, ya gyara da 'yar wuƙa, ya gwada, in bai yi ba ya yar ya yanka wani. Na algaita harshe biyu ne, kuma gaba ɗaya yake shiga cikin baki, leɓe yana tokare da faifan, ba ya matse shi kamar yadda muke matse na kilarinet. Abin da ya sa na kawo shi, su ba sa jin tsoron taɓa abinsu da wuƙa. Mu kuwa rid ya ɗan ƙi sai mu zauna muna kallonsa. Ba wanda zai koya wa yaron nan gyara?

Mai_Gyara_Kayan_Busa:
Ga ni. Sabon_Mabushi, kafin komai yi wannan gwajin. Cire bakin kilarinet da rid ɗin a ɗaure, jiƙaƙƙe. Toshe ƙasan da tafin hannunka, ka tsotse iskar ciki duka, ka zare bakinka. In komai lafiya, rid ɗin zai manne na ɗan lokaci sannan ya ɓalle ka ji ɗas. In bai manne ba sam, iska tana shiga ta wani wuri.

Yawanci bayan rid ɗin ne ya kumbura a tsakiya, daidai inda yake fuskantar ramin bakin. Ɗora shi a kan gilashin Baba Saja ka danna gefe da gefe, in yana rawa to shi ne. Samo samfefa mai laushi, lamba 600, shimfiɗa a kan gilashin. Ja layuka da fensir a bayan rid ɗin daga gefe zuwa gefe. Ɗora yatsu uku a kan kaurinsa, tsinin ya leƙo waje da samfefar kada ya taɓa ta, ka goga a hankali sau kaɗan. Duba: inda fensir ya goge nan ne tudun. Ci gaba har layukan su goge daidai wa daida, ka tsaya. Kowace guga tana rage masa ƙarfi, wanda ka cire kuma ba ya dawowa. In ba ka da samfefa, farar takarda a kan gilashi ma tana sulɓe bayan, ta toshe ramukan kaɗan.

Sabon_Mabushi:
Oga na gwada yanzun nan. Tsohon bai manne ba. Na farke sabo na jiƙa, shi ya manne amma ko daƙiƙa ɗaya bai yi ba ya saki. Kuma da na haɗa kilarinet ɗin, tsuwar tana nan a sautukan sama.

Mai_Gyara_Kayan_Busa:
To ka ga, wataƙila ba rid kaɗai ba ne. Duba siraran gefuna biyu na bakin da tsininsa da kyau a cikin haske, ko akwai inda ya ɓantare. Duba maɗaurin, in ya lanƙwashe ba zai danne daidai ba, kuma kada ka ɗaure shi tamau, yana shaƙe rid. Sannan hunturu ba rid kaɗai yake ci ba. Toton da ke mahaɗai yana tsukewa, fatun da ke rufe ramuka suna bushewa su daina rufewa ruf, musamman ƙananan na sama. Fata ɗaya in tana yoyo, ko rid ɗin sarki ka ɗaura sai ta yi tsuwa. Kilarinet ɗinka ta roba ce ko ta katako? In ta katako ce, a wannan yanayin kada ka ɗauko ta da sanyin asuba ka hau hura mata iska mai ɗumi. Ɗumama gaɓar sama a hammata tukuna, in ba haka ba tana iya tsagewa.

Malamin_Kimiyya_Zariya:
Ƙarin bayani kan gishirin da na ambata, saboda gargaɗin ɗan'uwanmu na Kumasi gaskiya ne. Kashi 75 yana bakin iyakar da funfuna ke fara samun wuri, musamman in zafi ya dawo wajen Maris. Saboda haka rid ya sha iska tukuna kafin a rufe shi, a kuma riƙa buɗe robar kullum. Da an yi ruwan farko a fitar da gishirin gaba ɗaya.

Saja_Mai_Ritaya:
Kun gani ko? An zaga an zaga, mai gyara ma gilashina ya nema. Talatu, kin ji?

Talatu_Jos:
Na ji Baba. Don guga na yarda. Don kwana dai nawa a leda za su kwana.

Zango_Kumasi:
Wata tambayar kuma. Wata mai zuwa za mu je biki Bolgatanga daga nan Kumasi, can kuma iskarsu irin taku ce a wannan lokacin. In tafi da waɗanda na riga na saba da su a nan, ko in farke sababbi in na isa?

Madam_Rifkatu_Kaduna:
Tafi da naka, a rufe cikin leda tun daga gida, kada su ji sauyin a hanya. Ka haɗa da guda biyu masu rabin lamba ƙasa da wadda ka saba, don ba ka san yadda za su amsa a can ba. Ka riƙe 'yar kwalbar ruwa kusa da kai a wurin wasan, miyau kaɗai ba zai ishe ka ba. Sabo kuwa a ranar biki, a'a.

Sabon_Mabushi:
Oga Mai Gyara, ta roba ce, ta hannu na saya. Na haska da fitilar waya, akwai wata fata a can sama kusa da maɓallin babban yatsa da gefenta ya yi baƙi ya ɗan tsage. Ita ce, ko in ci gaba da dubawa? Kuma in ita ce, ana iya canza guda ɗaya ko sai duka?